SSH na daskarewa, log ya cika da INVALID: yadda ake bin sawun matsalar a fayawol ɗin Linux

Duk wanda ke kula da saba daga nesa ya san wannan takaicin. Ka shiga ta SSH lafiya lau, ka tashi ka yi alwala ka yi sallah ka dawo, ka danna harafi taminal ta yi tsit, ba ta mutu ba kuma ba ta motsi, can bayan wasu mintuna ta watso maka `client_loop: send disconnect: Broken pipe` ko `Connection reset by peer`. Ka sake shiga ka leƙa log, ka tarar da layuka rututu na fakitocin da fayawol ta tare a ƙofa ta 22, ƙofar SSH, sai zuciya ta ce ai ga ɓarawon nan, bari in goge dokar da ke zubar da INVALID in huta. Dakata tukuna malam. Ni ma na taɓa goge ta, washegari matsalar tana nan daram, na ƙaro wata ma a kanta. Sau da yawa ana zaton wuta a maƙera ne sai ta tashi a masaƙa.

Idan taminal ta daskare yanzu haka, ba sai ka rufe tagar ba. Danna Enter, sai `~`, sai `.` a jere, SSH zai sake ka.

Mai gadi da littafinsa

Abin da ake kira conntrack a cikin kanel ɗin Linux kamar mai gadi ne mai riƙe da littafi a bakin ƙofa. Duk haɗin TCP da aka buɗe sai ya rubuta, daga wane adireshi, ta wace ƙofa, lambar jerin fakiti ta kai ina. Fakitin da ya zo buɗe sabon haɗi NEW ne, wanda sunansa ke littafi ESTABLISHED, ɗan rakiya irin saƙon kuskure na ICMP kuma RELATED. Wanda bai dace da komai a littafin ba shi ake yi wa tambarin INVALID.

To su wa ke shan wannan tambarin? Galibi ba 'yan kutse ba ne. FIN ne (fakitin sallama) ko RST (fakitin yanke haɗi nan take) da ya iso bayan an riga an goge sunan haɗin daga littafi, ko fakitin da ya maƙale a hanya har aka sake aiko da madadinsa aka karɓa, sannan shi na farkon ya iso a makare. A layin waya mai rawa wannan abu ne na yau da kullum. Littafin ba ya daɗewa da sunan wanda ya yi sallama: haɗin da aka rufe da RST daƙiƙa 10 kawai yake yi, a sauran matakan rufewa kuma na LAST_ACK 30, na CLOSE_WAIT 60, na TIME_WAIT da FIN_WAIT 120. Amma haɗi mai rai kwana 5 cur yake yi ko ba a ce uffan ba, wato 432000 da za ka gani a `nf_conntrack_tcp_timeout_established`. Riƙe wannan lambar a ka, don ita ce ke nuna cewa idan zamanka na mutuwa bayan minti 5 na shiru, da wuya a ce mai gadin sabarka ne ya manta da kai, sai dai in wani ya taɓa lambar.

Mataki na farko: tanadi hanyar komawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Za ka taɓa fayawol ne ta cikin ƙofar da fayawol ɗin ke gadi, kuskure ɗaya ka kulle kanka a waje, saba kuma tana Frankfurt ko Legas kai kana Kano. Adana dokokin iptables, manhajar tsara fayawol ɗin, da ke aiki yanzu, ka sa agogon da zai maido su da kansa:

```
iptables-save > /root/tsoho.rules
echo "iptables-restore < /root/tsoho.rules" | at now + 10 minutes
```

In gyaran ya yi kyau ka duba `atq` ka soke da `atrm`, in ka kulle kanka ka sha shayi na minti 10 ƙofa ta buɗe. Masu Debian da Ubuntu suna da `iptables-apply` mai irin wannan aikin, yana tambayarka ko har yanzu kana iya shiga, in ya ji shiru ya koma kan tsoffin dokoki. Ka kuma tabbatar ka san inda konsol ɗin kamfanin da ka yi hayar sabar yake a shafinsu, kuma kalmar sirrin shiga ta can tana hannunka, don makullin SSH ba ya aiki a wannan tagar. Sannan duk aikin ka yi shi cikin `tmux`, mai riƙe maka aikinka a saba ko da haɗin ya yanke.

Mataki na biyu: yaushe take mutuwa?

Kafin ka buga wani umarni ka amsa wannan da gaskiya, don rabin aikin a nan yake. Bayan shiru take mutuwa, kuma kusan mintuna iri ɗaya kullum? Ko kana tsaka da aiki, musamman in ka buga abu mai fitar da rubutu da yawa kamar `cat` na babban fayil, ko `top`, ko `scp`? Ko daidai lokacin da aka sake loda fayawol? Ko kuwa haka kawai ba tsari, ranar da sabis ke wasa? Cututtuka huɗu ne daban, kowanne da maganinsa, kuma ɗaya ko biyu ne kawai a cikinsu ke da alaƙa da INVALID. Ɗauki agogo ka gwada, buɗe tagogi uku, bar ɗaya minti 3, ɗaya 6, ɗaya 12, ka ga wacce ta rayu.

Mataki na uku: ƙirga, kar ka yi hasashe

```
iptables -L INPUT -v -n --line-numbers
iptables -Z INPUT
watch -n1 'iptables -L INPUT -v -n --line-numbers'
```

Na biyun yana mayar da ƙidaya sifili, na ukun yana nuna maka dokar da lambarta ke hawa a daidai lokacin da ɗaya tagar ke daskarewa. Mai nftables, magajin iptables, ya yi `nft list ruleset`, amma sai dokar na ɗauke da kalmar `counter` za ta ƙirga. Ka ƙara da `conntrack -S`, ka lura da `invalid` da `drop` da `insert_failed`, ka kuma leƙa `dmesg` ko akwai `nf_conntrack: table full, dropping packet`. In ka ga wannan layin an gama bincike, littafin ne ya cika, kwatanta `nf_conntrack_count` da `nf_conntrack_max` ka ɗaga na biyun, sannan ka nemo abin da ke cika shi.

Yanzu sa wa fakitocin ido su kaɗai, da iyaka don kar log ya cinye maka faifai:

```
iptables -I INPUT 1 -p tcp --dport 22 -m conntrack --ctstate INVALID \
  -m limit --limit 10/min -j LOG --log-prefix "SSH-INVALID "
journalctl -kf | grep SSH-INVALID
```

Dokar LOG ba ta tare komai, rubutawa take fakiti ya wuce doka ta gaba. Mai UFW, manhajar sauƙaƙa saita fayawol, ya buga `ufw logging medium`, don a wannan matakin ne take rubuta duk INVALID. A kowane layi abu uku za ka karanta: `SRC` (adireshin mai aikowa), `SPT` (ƙofar da ya aiko ta cikinta), da tutocin da ke can ƙarshe masu nuna irin fakitin. In `SRC` ba adireshinka ba ne ka share, masu lalube ne da ke ƙwanƙwasa kowace ƙofa ta 22 a duniya dare da rana. In naka ne kuma tutar `ACK FIN` ce ko `RST`, duba `SPT` ɗin, ka kwatanta da abin da `ss -tn sport = :22` ke nunawa. Mafi yawan lokuta za ka ga na zaman da ya riga ya mutu ne, wato gawar ce ke isowa, ba makashin ba. Wanda ya cancanci ka tsaya a kansa shi ne `ACK PSH`, fakiti mai ɗauke da bayanai, mai `SPT` ɗin zaman da ke raye yanzu.

In ka samu irin wannan, sa kanel ya faɗi dalilinsa da bakinsa:

```
sysctl -w net.netfilter.nf_conntrack_log_invalid=6
```

Lamba 6 ita ce TCP. In `dmesg` ya yi shiru, loda `nf_log_syslog` a sabon kanel ko `nf_log_ipv4` a tsoho, ka sa `net.netfilter.nf_log.2=nf_log_ipv4`. Lafazin saƙon na ɗan bambanta daga kanel zuwa kanel, amma in ka ga `already ACKed data retransmitted` to makararren fakiti ne, zubar da shi ba ya cutar da kowa. In ka ga `ACKed data not seen yet` wannan kam magana ce babba, mai gadi na ganin amsar wasiƙar da bai ga fitarta ba, za mu dawo kanta. Da ka gama ka mayar da lambar 0.

Mataki na huɗu: REJECT, inda na fi samun ɓarnar

A nan zan daɗe, don shi ne wanda mutane ba sa zargi. Duba wannan tsarin, wanda ya yaɗu tun zamanin CentOS 6 ana ta kwafarsa daga saba zuwa saba:

```
-A INPUT -m state --state RELATED,ESTABLISHED -j ACCEPT
-A INPUT -p tcp -m state --state NEW --dport 22 -j ACCEPT
-A INPUT -j REJECT --reject-with icmp-host-prohibited
```

Bi makararren fakitin nan a hankali. Ba ESTABLISHED ba ne, ya wuce layin farko. Ba NEW ba ne, ya wuce na biyu. Sai ya faɗa hannun REJECT, ita kuma REJECT ba ta shiru, sai ta mayar da amsa. Wanda ya canza layin ƙarshe zuwa `--reject-with tcp-reset` don ƙofofi su yi kamar a rufe suke shi ya fi shan wahala, domin sabarka da kanta za ta aika wa kwamfutarka RST a kan haɗin da ke lafiya garau, kwamfutarka ta yi biyayya ta yanke. Wato fakitin bai kashe zaman ba, amsar da aka ba shi ce ta kashe. Littafin bayanin `iptables-extensions` ma ya yi gargaɗi ƙarara a ƙarƙashin REJECT cewa INVALID zubarwa ake yi, ba a mayar masa da martani.

Gyaran layi ɗaya ne, a sa shi sama da duk wata REJECT:

```
-A INPUT -m conntrack --ctstate RELATED,ESTABLISHED -j ACCEPT
-A INPUT -m conntrack --ctstate INVALID -j DROP
-A INPUT -p tcp --dport 22 -m conntrack --ctstate NEW -j ACCEPT
```

A nftables kuma `ct state established,related accept`, sai `ct state invalid drop`, sai `tcp dport 22 accept`. Ka ga dalilin da na ce kar ka yi saurin gogewa, dokar da kake zargi ita ce ke kare ka.

Haka abin yake, har ya fi muni, a na'urar da ke yin NAT, wato fassara adireshin fakitocin da ke ratsa ta, kamar rawutar ofis da aka gina da Linux ko saba mai kwantenoni. Fakitin INVALID ba a fassara masa adireshi, saboda babu layinsa a littafi, sai na'urar ta ɗauka nata ne, ta duba ta ga ba ta da wannan haɗin, ta aika RST. Masu Kubernetes, manhajar sarrafa kwantenoni, sun sha wannan a 2019, kuma hanyoyin da aka bi biyu ne, ko a zubar da INVALID ko a sassauta wa conntrack. Don haka in zamanka ta irin wannan na'urar yake ratsawa, ka sa DROP ɗin a INPUT da FORWARD duka.

Mataki na biyar: gani ya kori ji

In dokokin sun yi daidai amma abin bai daina ba, saurari wayar da kanta, ta gefe biyu a lokaci guda. A saba:

```
tcpdump -ni eth0 -w /tmp/saba.pcap host 198.51.100.7 and tcp port 22
```

Ka sa naka adireshin a wurin wancan, kuma lallai da `-w`. In ka bar shi yana zubo rubutu a tagar SSH, kowane layi zai haifi sabon fakiti, fakitin ya haifi sabon layi, ba ƙarshe. A kwamfutarka ma ka kunna tcpdump ko Wireshark. Sirrin shi ne tcpdump na ganin fakiti mai shigowa kafin iptables ta taɓa shi. To in ya bayyana a fayil ɗin saba amma sshd, manhajar SSH ta saba, bai amsa ba, fayawol ɗinka ce. In kwamfutarka na ta maimaita aikawa amma ko ɗaya bai iso saba ba, laifin na tsakiyar hanya ne, ko ka kwana kana gyara iptables ba abin da zai canza. In kuma ka ga RST ya iso gare ka wanda babu shi a fayil ɗin saba, wata na'ura ce a tsakani ta ƙirƙire shi.

`ss -tno state established sport = :22` ma na taimakawa, in ka ga `timer:(on` da lambar maimaici tana hawa, saba na magana ba mai amsa mata. Linux kan yi ta gwadawa har wajen minti 15 kafin ya haƙura, shi ya sa daskarewar ke daɗewa haka.

Mai mutuwa bayan shiru

Wannan shi ya fi yawa a wajenmu. Yawancin masu shiga da datar waya ko MiFi suna bayan babban NAT ne na kamfanin layi, mutane da yawa a kan adireshi ɗaya, in ka ga na'urarka ta samu adireshi tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255 to kana ciki. Su ma suna da nasu littafin, kuma ba sa jiran kwana 5. Can ɓangaren girgije ma haka ne, NAT Gateway na AWS daƙiƙa 350 yake ba haɗin da ya yi shiru, mai raba lodi na Azure minti 4 in ba a canza ba. Shi kuwa keepalive na TCP, saƙon duba ko haɗi na raye, a Linux sai bayan daƙiƙa 7200 yake fara motsi, awa 2, an daɗe da share ka. Magani a `~/.ssh/config` na kwamfutarka:

```
Host *
    ServerAliveInterval 30
    ServerAliveCountMax 4
```

Duk daƙiƙa 30 SSH zai yi gyaran murya ta cikin rufaffen haɗin, littattafan kan hanya su ga da rai, in kuma an yi 4 ba amsa ya yanke da kansa cikin minti 2 maimakon ya bar ka kana kallon allo. In masu shiga sabar da yawa ne ka sa `ClientAliveInterval 30` a `sshd_config`, ka gwada da `sshd -t` kafin ka sake loda shi. Amma fa in adireshinka ne ya canza gaba ɗaya, kamar an ɗauke wuta rawuta ta mutu ka koma hotspot, babu saitin da zai ceci wannan zaman. Nan sai `tmux`, ko `mosh` mai tafiya a kan UDP, ƙofofi 60000 zuwa 61000, wanda bai damu da canjin adireshi ba.

Mai mutuwa in rubutu ya yi yawa

Wannan ba INVALID ba ne sam, girman fakiti ne. Ƙananan fakitoci na wucewa, manya na maƙalewa, saboda wani wuri a hanya bai ɗaukar fakiti mai bayit 1500, PPPoE 1492 ne, WireGuard kan zo da 1420. Na'urar da ta kasa wucewa da shi tana aiko da ICMP nau'i 3 lamba 4 cewa a rage, to in wani gwani ya sa `-p icmp -j DROP` a saman dokoki wai don tsaro, saƙon ba zai iso ba. Gwada `ping -M do -s 1472` zuwa sabar, 1472 da 28 na bayanan kan fakiti shi ne 1500, ka yi ta ragewa har ya wuce. Wata alamar ita ce `ssh -vvv` ya tsaya cak a `expecting SSH2_MSG_KEX_ECDH_REPLY`, abin da ya ƙaru tun OpenSSH 9.0 na 2022 da ya koma musayar makulli mai manyan saƙonni. Mayar da dokar ICMP ƙasa da layin RELATED, a IPv6 kuma kar ka kuskura ka tare nau'i 2. A rawuta:

```
iptables -t mangle -A FORWARD -p tcp --tcp-flags SYN,RST SYN -j TCPMSS --clamp-mss-to-pmtu
```

In ba ka da iko da rawutar, `net.ipv4.tcp_mtu_probing=1` a saba na rage zafi.

Mai mutuwa in an sake loda fayawol

Nemi wannan layin: `-p tcp ! --syn -m conntrack --ctstate NEW -j DROP`. Idan aka share littafi da `conntrack -F`, ko fayawol ɗin tsakiya ta sake tashi, kanel na da halin karɓar haɗin da ya tarar a tsakiya, shi ne `nf_conntrack_tcp_loose` wanda yake 1 tun asali. Sai dai fakitin farko da zai gani NEW zai kira shi alhali ba SYN, wato tutar buɗe sabon haɗi, wancan layin kuma ya hallaka shi. Zaɓi ya rage naka, ko ka cire ƙofa ta 22 daga wannan dokar, ko ka yarda duk share littafi zai kori kowa.

Saura `ACKed data not seen yet` da na ce za mu dawo. Ofis mai layi biyu, faiba da na ko-ta-kwana, shi ya fi fama da wannan: fakiti ya fita ta layi ɗaya amsa ta dawo ta ɗayan, fayawol na ganin rabin hira. Tabbatar da `ip route get` da adireshin ɗaya ɓangaren, da tcpdump a kan kowane kati, ka ga ta ina ake fita ta ina ake shigowa. Gyaran gaskiya a tsarin hanya yake, `ip rule` da alamar haɗi, yadda duk abin da ya shigo ta layi zai koma ta shi. Akwai kuma wannan:

```
sysctl -w net.netfilter.nf_conntrack_tcp_be_liberal=1
```

Da shi conntrack zai daina yi wa fakitin da lambar jerinsa ta fita daga iyakar da ake tsammani tambarin INVALID, sai RST kaɗai. Yana aiki, ina amfani da shi a kan na'urar NAT mai layi mai rawa, amma ba na fara sa shi, don yana rufe alamar da za ta nuna maka hanyarka a karkace take. In ka yanke shawarar barinsa ka rubuta shi a fayil cikin `/etc/sysctl.d/`, ka kuma duba bayan saba ta sake tashi, saboda in ba a loda `nf_conntrack` da wuri ba saitin ba ya kamawa, sai ka sa sunansa a `/etc/modules-load.d/`.

Da ka samu zaman ya yi awa ɗaya a buɗe ba motsi kuma ya amsa, cire dokar LOG ɗin nan da `iptables -D INPUT 1` bayan ka tabbatar ita ce a layi na 1, mayar da UFW `low`, goge fayilolin pcap, adana dokokin da `netfilter-persistent save` ko abin da tsarinka ke amfani da shi, sannan ka buga `atq` ka tabbatar ba ka bar wani agogo irin na mataki na farko ba, kar ya tashi ya maido maka da tsoffin dokokin da ka sha wahalar gyarawa.